Eko mai sauya murya ya ƙi bin kalangu, a ina na kauce?

Jitar_Tudunwada:
Salamu alaikum 'yan gida. Ina da Boss GT-100, akwatin sarrafa sautin jita da ake takawa da ƙafa, na saye shi gwanjo bara, kuma wata biyu ke nan ina neman wani sauti: in taɓa wayar jita sau ɗaya, sautin ya dawo mini da siririyar murya, ya sake dawowa ya fi na farko siranta, kamar mai hawa bene. Na samu. Na kunna na'urar sauya murya a FX1 (wani gurbin saiti a cikin akwatin), na ɗaga ta mataki 12, wato oktaf guda, na sa PRE DELAY (jinkiri kafin sautin ya dawo) a kan alamar rabin bugu mai ɗigo don ya bi tempo, wato gudun kiɗa, komowa (yawan sautin da ake mayarwa ciki ya sake zagayawa) kuma 40. Idan ni kaɗai ne a ɗaki, wallahi har tsigar jikina tashi take yi.

Ran Asabar muka je wasan kamu. Na taka fedal ina bin kiɗa don akwatin ya kama tempo, allo ya nuna 100, wato bugu 100 a minti. Ina shiga sai komai ya dagule, ekon yana faɗowa a inda babu bugu. Mai kalangunmu, dattijo ne, ya juyo ya dube ni sau ɗaya bai ce komai ba, na miƙa ƙafa na kashe. Tambayata: tunda na haɗa shi da tempo, me ya hana shi zama a kan kiɗa?

SarkinWaya_KD:
Wa alaikumus salam. Ƙafarka ce. Taka fedal sau biyu ba ya ba da tempo na gaskiya, ka riƙa takawa sau huɗu ko fiye.

Jitar_Tudunwada:
Na taka ya fi sau takwas, oga. Kuma da na dawo gida na saka 100 da hannu, na kunna rikodin ɗin wasan daga waya, duk kanwar ja ce.

Injiniya_Sauti:
Ƙanena, fara da lissafi kafin ka zargi ƙafa. Minti ɗaya milisakan 60,000 ne. Raba da 100, bugu ɗaya ya zama 600. Rabin bugu 300. Rabin bugu mai ɗigo shi ne uku bisa huɗu na bugu, 450 ke nan. To PRE DELAY na na'urar sauya murya a GT-100 iyakarsa milisakan 300. Littafin bayanin saitinta ya faɗa ƙarara cewa idan lokacin da tempo ya buƙata ya wuce iyaka, za ta koma rabinsa ko rubu'insa. Kai kana zaton 450 kake ji, alhali 225 take ba ka. Ba ta lalace ba, abin da aka gina ta a kai take yi. Mai ɗigon nan ba zai shiga cikin 300 ba sai tempo ya kai 150 ko ya wuce.

Jitar_Tudunwada:
Innalillahi. Ai ni ko littafin ba a haɗo mini da shi ba, ban kuma taɓa tunanin saukewa daga intanet ba. Laifina ne. Shi ya sa nake jin yana rige-rige ashe.

DanAgadas:
Gaisuwa daga Agadas. Abin da Injiniya ya faɗa gaskiya ne, amma ko da na'urar ta ba ka 450 ɗin cif, da ba ka tsira ba. Ka ce kalangu ake bugawa. Ina tambaya, kiɗan da kuka yi a kamun, idan ka ƙirga ƙananan bugun da ke tsakanin takun ƙafarka ɗaya da na gaba, biyu ne, huɗu ne, ko uku?

Mu nan yawancin abin da muke kaɗawa a biki uku-uku yake tafiya. Ƙafa tana taka babba, hannu yana raba shi gida uku. Na'ura ba ta san haka ba, duk abin da ka taka mata sai ta ɗauka bugu ne na kiɗan Turawa mai rabuwa biyu da huɗu. Idan babban bugunka 600 ne, ƙananan suna faɗowa a 200, 400, 600. Ina 450 a nan? Ina 225? Babu ko ɗaya. Wanda ya dace da kai shi ne alamar da aka rubuta 3 a jikinta, sulusin bugu, 200. Wannan kuma yana ƙasa da iyakar 300 ɗin, ba za a raba maka shi ba.

mai_kalangu77:
Allah ya yi maka albarka DanAgadas. Shekara nawa ina gaya wa yaran jita wannan magana ba su ji. Kuna kwaso saiti daga bidiyon Turawa kuna zubawa a kan kiɗanmu, in ya ƙi zama ku ce mai ganga ne ba ya riƙe lokaci.

Talatu_Bass:
Baba mai kalangu, a yi mana afuwa, amma wani lokacin ku ɗin ne fa. 😂 A cocinmu a Jos muna fara waƙa a 72, kafin a kai amshi na uku mai ganga ya kai mu 80 ba tare da ya sani ba. Mai jitarmu yana son rabin bugu mai ɗigon nan, kuma a waƙoƙin da ke tafiya huɗu-huɗu yana zama daram. Da zarar zumuntar mata sun karɓi waƙa da tasu gangar, sai dai ya kashe eko ya bi su da hannu.

mai_kalangu77:
'Yata, wannan ba kuskure ba ne. In amarya ta fito, 'yan rawa suka shigo fili, aka fara liƙi, kina so in tsaya a inda na fara? Ƙafafun mutane nake kallo, ba allo ba. In sun ɗau zafi in ɗaga, in sun gaji in sassauta. Akwatin da ke ƙasa ba ya ganin fili.

Injiniya_Sauti:
DanAgadas ya kama abin da ya wuce ni, ban kawo kalangun a lissafi ba. Amma akwai na uku, kuma shi ne ya bambanta wannan eko da eko na yau da kullum.

Na'urar sauya murya ba ta iya aiki nan take. Sai ta ɗebi guntun sauti ta ajiye, sannan ta karanta shi da sauri fiye da yadda ya shigo idan sama za a je, ko a hankali idan ƙasa za a je. Da yake guntun yana ƙarewa, sai ta riƙa ɗinka wani a bayansa, tana shafe bakin ɗinkin don kada a ji. Wannan ɗiba da ɗinki yana cin lokaci. Kaɗan ne, amma yana nan. Shi ya sa a GT-100 aka ba ka zaɓi: FAST yana amsawa da wuri amma muryar tana ɗan rawa, SLOW ya fi santsi amma ya fi jinkiri, MEDIUM na tsakiya, MONO kuma na waya ɗaya-ɗaya ne.

Yanzu ka duba abin da komowa take yi. Duk sautin da ya fito ana mayar da shi ya sake bi ta cikin na'urar, shi ya sa kake jin hawan benen da kake so. Amma duk zagaye ɗaya yana biyan wannan kuɗin shiga. Mu ƙaddara jinkirin 20 ne, misali kawai na bayar, kai ne za ka auna naka. Ka sa 200. Na farko zai zo a 220, na biyu 440, na uku 660, na huɗu 880 maimakon 800. Na farkon kunne zai yafe, na huɗun ya kusa faɗawa tsakiyar bugu biyu. Maganinsa ka bar alamar tempo, ka rubuta lambar da hannu, 180.

Gurmi_da_Waya:
Sulusi, rubu'i, sumuni, a cire wannan a ba wancan. Na shigo karanta maganar jita na tarar ana rabon gado.

Hajjo_Studio:
Gurmi ka bari mana 😂 Injiniya, ina da ƙari kan awo, don mutane suna jin "auna" sai su ɗauka sai da kayan miliyoyi. Ni ga yadda nake yi. Na ɗora tafin hannu a kan wayoyin jita don kada su yi ƙara, na ƙwanƙwasa ɗaya da ƙarfi, "tak". PRE DELAY a sifili, komowa a sifili, sautin asali da na sauyawa duk a buɗe. Na ɗauka a Audacity, manhajar ɗaukar sauti ce ta kwamfuta, kyauta ce. In ka buɗe hoton sautin ka faɗaɗa shi sosai za ka ga tsini biyu, na asali da na bayansa. Ja linzami daga wannan zuwa wancan, lambar da ta fito a ƙasa ita ce jinkirinka. Ka yi sau biyar ko shida, don ba kullum take fitowa daidai ba, tana ɗan motsi gwargwadon inda ɗinkin ya faɗo. Ɗauki na tsakiya. Kuma ka auna kowane zaɓi daban, lambar FAST ba ita ce ta SLOW ba.

Wani abin kuma, ka maimaita awon da alamar tempo a kunne. Akwai na'urorin da masu ƙera su suka riga suka cire jinkirin a ciki, in ka sake cirewa ka yi aiki biyu.

Jitar_Tudunwada:
Na gode Hajiya. Ba ni da katin sauti na ɗauka a kwamfuta, wayar hannu za ta yi?

Hajjo_Studio:
Za ta yi. Ajiye ta a gaban lasifika, ka tura fayil ɗin kwamfuta. Nisan wayar ba zai ɓata awon ba tunda tsinin biyu daga lasifika ɗaya suka fito.

Zazzau_Fiyano:
Ni ban ga dalilin wannan wahala ba. GT-100 tana da ramin MIDI, inda kayan kiɗa ke aika wa juna saƙo. Ka ja waya daga fiyano zuwa cikinta, fiyano ya riƙa aika mata agogo, ɗigo 24 a kowane bugu, duk inda tempo ya je tana biye. Haka muke yi da mai jitarmu, ba ya taka komai. Sai dai ka duba fiyanon naku, manyan Yamaha PSR suna da ramin mai ƙafa biyar, ƙananan na yanzu USB kaɗai gare su.

DanAgadas:
Malam Zazzau, wannan sai inda fiyano ne ke jan kiɗa. Shi ya ce mutum ne ke buga kalangu. A ina za a soka wa Baba wayar?

mai_kalangu77:
A gwada a gani.

Zazzau_Fiyano:
Haha, tuba nake Baba. Amma ko a wajen biki ai yawanci fiyano ke ba da gangar ƙasa, mai kalangu yana yi mata ado a sama. In haka ne tsarinsu maganata tana nan.

Injiniya_Sauti:
Tana nan rabi. Agogon MIDI yana gyara tempo, ba ya gyara iyakar 300, ba ya zaɓa maka sulusi, ba ya kuma cire jinkirin ɗinki. Kuma in ka rubuta milisakan da hannu kamar yadda na ce, ka fita daga hannun agogon gaba ɗaya. Dole ka zaɓi ɗaya: ko ya bi tempo yana ɗan makara, ko ya zauna cif a tempo guda.

SarkinWaya_KD:
Ni shawarata ka raba aikin biyu. Bar na'urar sauya murya ta yi sauyi kawai, eko kuma ka ba wa DELAY na ainihi, shi yana da dogon lokaci, babu ruwansa da 300. Ka raba hanya biyu, A sautinka tsura, B ka jera sauya murya sannan eko. Sai ka cire 20 ɗin nan daga lokacin ekon, shi ke nan.

Hajjo_Studio:
Yaya Sarki, rabin farko daidai, na ƙarshen ne zai kai shi rami. A tsarin da ka kawo sautin sau ɗaya yake bi ta na'urar sauya murya, don haka jinkirin sau ɗaya ake biya, ba ya taruwa. In eko 400 ne jinkiri 20, za su zo a 420, 820, 1220, kowanne ya makara da 20 ɗin nan dai. In ka rage ekon ya koma 380, na farko zai zo a 400 ka ji daɗi, na biyu 780, na uku 1160. Ka ga yanzu gaba suke yi, suna riga kiɗa. Cirewa tana aiki ne kawai idan sauyin yana cikin zagayen komowa.

Abin da zai yi a tsarinka shi ne ya bar ekon a kan alamar tempo, kada ya taɓa shi, ya gyara jinkirin a PRE DELAY: ya sa 180, da 20 ɗin sun cika 200, sautin da aka sauya ya faɗo a kan ƙaramin bugu na farko, ekon ya ɗauka daga nan.

SarkinWaya_KD:
Na lissafa a takarda, kin yi gaskiya. Na janye.

Jitar_Tudunwada:
To amma a wannan tsarin zan samu hawan benen?

Hajjo_Studio:
A'a. Oktaf ɗaya zai hau ya tsaya, duk maimaicin a murya ɗaya. Ni a kunnena ya fi tsabta a cikin taro. Hawan benen yana da daɗi a ɗaki, amma zagaye na uku ka kai oktaf uku sama, ya zama tsiwa kamar ta jemage, kuma kowane zagaye yana ƙara ƙazantar ɗinki a kan ta baya.

BabaRikici:
Ku yara kuna ba ni mamaki. Wannan abin da kuke ɗauka sabo, tun 1975 kamfanin Eventide ya fitar da H910, akwati ne da ke sauya murya, yana jinkirtawa, yana kuma mayar da sautin ciki. Babu allon tempo, babu fedal ɗin takawa. Mutum ya murɗa har kunnensa ya ce ya yi. Mu da muka yi wasa a otal-otal da eko na kaset ma haka muke yi, kuma ba a taɓa jifanmu ba. Yanzu an ba ku lamba kun daina saurare.

Talatu_Bass:
Baba, ba a jefe ku ba ko dai ba ku faɗa mana ba? 😄

BabaRikici:
Sau ɗaya, kuma ba a kan eko ba ne.

Gurmi_da_Waya:
Maganar gaskiya yanzu. Ni na gwada mataki 7 maimakon 12, don na ji an ce ya fi armashi. Da komowa a buɗe sai na ji kamar wani ya shigo da wata waƙa daban. Tempo ne shi ma?

Injiniya_Sauti:
Ba tempo ba ne, tarawa ce. Ka buga muryar A, na farko ya dawo E, lafiya. Na biyu ya ƙara 7 a kan E ya zama B, na uku F mai ƙari (mataki ɗaya sama da F), na huɗu C mai ƙari. Idan waƙarka a kan muryoyi biyar take, A, C, D, E, G, irin wadda su DanAgadas suka fi kaɗawa, tun zagaye na biyu ka fita daga gida. Oktaf ne kaɗai za ka tara ko sau nawa ka dawo kan harafin da ka fara. In kana son 7, ka rage komowa ta zama maimaici ɗaya, ko ka bi tsarin Sarki inda sauyin ba ya taruwa. Ko a nan ma ka kula da C da G da sauransu: C zai ba ka G, D zai ba ka A, G zai ba ka D, duk suna gida, amma E zai ba ka B.

DanAgadas:
Shi ya sa a nan da wuya ka ga mai jita ya sa wannan a biki. Salonmu yatsu ba sa hutawa, ana ta jan waya ana sakewa, ga babbar waya tana ruri a ƙasa ba tsayawa. In ka ƙara eko mai hawa a kai, kunu ne. Na taɓa aron irin wannan akwati wajen wani abokina muka tafi biki a ƙauye, janareto yana tari, duk sanda wuta ta yi ƙasa akwatin ya mutu ya tashi, ya dawo kan saitin da aka ajiye, tempon da na taka ya tafi. Sau uku. Daga nan na cire shi na soka jita kai tsaye. Abin da na koya, in ka sami tempon da ya zauna, ka ajiye shi a cikin saitin, kada ka bar shi a ƙafa.

Ga Jitar_Tudunwada kuma, irin wannan sautin yana son fili. Ka buga waya ɗaya ko biyu ka ɗaga hannu, ka bar shi ya yi magana. Wurinsa farkon waƙa ne, kafin ganga ta shigo, ko inda mawaƙi ya yi shiru.

mai_kalangu77:
Yawwa. Kafin in shigo ka yi duk hawan benen da kake so.

Zazzau_Fiyano:
Baba dai ya ƙi jinin akwatin nan.

mai_kalangu77:
Ban ƙi shi ba. Kalangu ma sauya murya yake yi, hammata ce ke matse tsirkiya murya ta hau, a saki ta sauka, kuma ba ya makara ko da ƙiftawar ido. Naku ne sai an yi masa lissafi.

Talatu_Bass:
Dawowa kan gudun mai ganga, don ni nan ne ciwona. Injiniya, in an saita a 100 aka tsinci kai a 106, nawa ne ɓarnar?

Injiniya_Sauti:
A 106 bugu 566 ne, sulusinsa kusan 189. Ekonka na 200 ya makara da 11 a na farko, 22 a na biyu, 33 a na uku. Don ki kwatanta, sauti yana cin kusan milisakan 3 a kowace mita, wato 11 kamar ki matsa mita huɗu ne daga lasifika, babu mai lura. Matsalar tana wajen na uku da na huɗu. Da mai ganga na jini da tsoka, gajeren lokaci da komowa kaɗan sun fi aminci. Maimaici biyu ya mutu. Dogon eko mai maimaici shida na wanda ke bin na'ura ne.

Jitar_Tudunwada:
Na dawo da rahoto. Jiya na yi awon Hajiya da waya, na ga tsinin biyu da idona, abin har ya ba ni dariya, wata biyu ina faɗa da abin da ban san yana nan ba. FAST ya fi kusa sosai, amma a kan wayoyi biyu tare muryar tana karkarwa, don haka na tsaya a MEDIUM. Na kuma ƙirga rikodin ɗin kamun, uku-uku ne kamar yadda DanAgadas ya ce.

Na yi saiti biyu. Na ɗaya hawan bene, lamba da hannu, komowa na sauke ta zuwa 25. Na biyu tsarin Yaya Sarki da gyaran Hajiya. A kan rikodin duka biyun sun zauna a minti na farko. Wajen minti na uku, inda aka fara liƙi, na ɗayan ya fara jan ƙafa. Na biyun in na sake taka fedal ekon yana dawowa hanya, sai dai PRE DELAY ɗin da na rubuta da hannu ba ya motsi, don haka shi ma ba cif ba.

SarkinWaya_KD:
To mayar da PRE DELAY ɗin kan alamar sulusi mana, ka haƙura da 'yar makarar. Komai zai bi ƙafarka, kuma makarar ba ta taruwa.

Hajjo_Studio:
Zai yi, amma ni da zan sa shi a sifili in kashe sautin B na farko, eko kaɗai ya fito. Ka gwada duka biyun a lasifikar da za ku yi wasa da ita, ba a abin kunne ba.

BabaRikici:
Ko ka murɗa har ya yi daɗi.

Jitar_Tudunwada:
Akwai wani bikin ran Juma'a a Rigasa. Na roƙi dattijon namu ya zo gwaji ran Laraba, ya ce in dai zan sayi goro zai zo. Abin da ban sani ba, in gaya masa ya riƙe gudu ɗaya a waƙar farko, ko in yi shiru in bi shi?

mai_kalangu77:
Sayi goron tukuna. Fari, manya.